Kakanmu Ya Yi Zaman Fursuna a Yaƙin Hitila: Wace Ƙofa Za a Fara Ƙwanƙwasawa?

A gidaje da dama na Damagaram, Maraɗi, Tawa da Dogon Dutsi akwai labarin da ake gada kamar gona: "Kakanku ya yi sojan Faransa, Jamus ta kama shi, har an fid da rai da shi sai ga shi ya dawo." Wani gidan akwai lambar girma a ƙasan adaka, wani gidan ɗan littafin soja ne da gara ta ci gefensa, wani kuwa labarin kaɗai ya rage. Ranar da jika ya tashi neman gaskiyar abin, sai masu ba da shawara su yi masa yawa. Wannan ya ce a rubuta wa Red Cross, wancan ya ce ai komai yana intanet, na uku ya ce sai an biya wani a Faransa. Kowannensu yana da tasa gaskiyar. Amma wanda ya fara ta ƙofar da ba tasa ba yana iya shafe shekara yana jira, a ƙarshe a ce masa ba a ga sunan ba.

Abin da za ka sani tukuna

A watannin Mayu da Yuni na 1940 Jamus ta kama sojojin Faransa kimanin miliyan 1.8. Turawan ciki aka kwashe zuwa Jamus, ƙananan sojoji a sansanonin Stalag, hafsoshi a Oflag. Baƙaƙen fata da Larabawa kuwa, gwamnatin Hitila ba ta yarda su daɗe a ƙasarta ba, saboda aƙidarta ta wariyar launin fata da tsoron cututtuka. Sai aka tsare su a cikin Faransa kanta, a sansanonin da ake kira Frontstalag: mai lamba 133 a Rennes, 135 a Quimper, 222 a Bayonne, 121 a Épinal, da sauransu. A 1941 sun kai kusan 70,000, fiye da 15,000 daga cikinsu waɗanda Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais, sunan da ake liƙa wa mutum ko da ɗan Tasawa ne bai taɓa jin labarin Senegal ba sai ranar da aka sa shi a jirgin ruwa. Léopold Sédar Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal na farko, ya yi zaman Frontstalag 230 a Poitiers kafin a sake shi a 1942 saboda rashin lafiya.

Ke nan "Jamus ta kama shi" ba ya nufin ya taka ƙasar Jamus. Da yawa sun ƙare zamansu suna sarar itace a dazuzzukan Faransa ko suna noma a gonakinta.

Sai tambayoyi biyu. Ta farko, wane irin soja ne: Bafaranshe haifaffen Faransa, ko ɗan ƙasar mallaka? Takardunsu ba a wuri ɗaya suke ba. Ta biyu, wane yaƙi ne: na 1914 zuwa 1918, na 1939 zuwa 1945, ko na Indoshin, wato yankin Vietnam, da ya ƙare a 1954? Tsofaffi kan haɗe su duka su ce "yaƙin Nasara". Idan kuma kakan naka na ɓangaren Najeriya ne, ya je yaƙin Bama (Burma) ƙarƙashin Ingila, duk abin da ke ƙasa ba naka ba ne. Sai dai a tuna iyakar nan ba ta taɓa raba dangi ba, akwai gidajen Katsina da Daura da Illela da kakansu daga tsallake ya zo bayan ya tuɓe kakin Faransa.

Ma'aunai

Abu biyar na auna kowace hanya da su: kuɗin da za ta ci, tsawon jira, sauƙinta ga wanda ke zaune nesa kuma Faransancinsa bai nuna ba, ƙarkon hujjar da za ta bayar, da haɗarin da ke cikinta.

Haɗarin da ya fi kowanne shi ne suna. Akawun soja da kunne yake rubutu. Mamman ya koma Mamane, Maman ko Mahamane, Umaru ya zama Oumarou, Yusufu ya zama Issoufou. Wani an sa masa sunan ubansa a gaba, wani sunan garinsu, wani laƙabin da ko matarsa ba ta san shi da shi ba. Ranar haihuwa babu, likitan soja ya dubi mutum ya ƙiyasta, aka rubuta "vers 1917", wato wajajen 1917. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: idan aka yanka wa mai gari adadin samarin da zai kawo, yakan tura ɗan talaka a madadin ɗan gata, wani lokaci har da sunan wancan. Don haka abin da ke tsayar da sojan Afirka a takardun Faransa lambarsa ce ta soja, matricule, haɗe da shekarar da aka ɗauke shi da ofishin da ya ɗauke shi. Mai wannan lambar ya ci rabin tafiya. Wanda ba shi da ita, allura ce yake nema cikin ruwa.

Hanya ta 1: shafukan kyauta na intanet

Uku ne suka cancanci lokacinka.

Gallica, ɗakin karatun intanet na babban laburaren Faransa, yana ɗauke da Liste officielle des prisonniers de guerre français, jerin sunayen da aka riƙa bugawa daga Agustan 1940 zuwa Yunin 1941, fitowa 100. Kowane layi yana ba da suna, haihuwa, muƙami, runduna da sansani. Ana iya rubuta suna a bincika, sai dai na'ura ce ta karanta tsohon bugun, takan rikita haruffa. Kuma jerin bai ƙunshi kowa ba, rashin ganin suna a ciki ba ya kore komai.

Mémoire des hommes, shafin ma'aikatar sojan Faransa, na waɗanda suka mutu ne galibi. Idan kakan bai dawo ba, nan za ka fara. Ana iya tace bincike da ƙasar haihuwa, a sa Niger ko Tchad, a bi sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Na uku na Yaƙin Duniya na Farko ne kawai: Red Cross ta saka katunan fursunonin wancan yaƙin, kusan miliyan 5, a intanet tun 2014.

Kuɗinta bai wuce na data ba, jira babu. Amma hujjarta mai rauni ce muddin ba ta haɗu da wata takarda ba. Na ga mutumin da ya sami "Moussa" ɗaya a jerin Gallica, ya buga, ya sa a firam, ya rataye a zaure. Moussa nawa ne a rundunonin Faransa a 1940?

Hanya ta 2: rajistar soja, wato Pau ko ma'ajiyar jiha

A nan nake ganin ya kamata yawancin mutane su fara, ko da yake ba gidan takardun fursuna ba ne. Kowane soja yana da shafi a rajistar ɗaukar kurata, kuma a shafin nan ake rubuta rayuwarsa ta kaki daga farko har ƙarshe: sunan uba da uwa, gari da gunduma, tsawo, tsagar fuska idan akwai, ranar shiga jirgi, rundunonin da ya zauna, rauni, lambobin yabo, da layin da kake nema, "fait prisonnier le…", an kama shi ranar kaza a wuri kaza, sannan ranar saki ko tserewa. Sunan mahaifiya da tsagar fuska sun isa su raba maka kakanka da sauran masu sunansa, abin da babu wani jerin intanet da zai yi maka.

Ga sojojin tsoffin ƙasashen mallaka, rajistocin suna Centre des archives du personnel militaire, a barikin Bernadotte da ke Pau, kudu maso yammacin Faransa. Abin da ake roƙa sunansa état signalétique et des services, taƙaitaccen tarihin aikin soja. Ana rubuta musu da Faransanci, a haɗa kwafin katin shaidarka da abin da ke nuna dangantaka, da takardar mutuwar sojan idan akwai ta. A nan ne mutanenmu kan sha wuya, domin kakan da ya rasu a ƙauye a 1970 ba wanda ya yi masa takarda. Sai a nemi kotu ta yi hukuncin da ke maye gurbinta, abin da a Nijar aka sani da jugement supplétif. Neman ba ya cin kuɗin kirki, amma jiran watanni ne.

Ga Bafaranshe haifaffen can, hanyar ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Rajistarsa tana ma'ajiyar tarihi ta jihar da yake zaune lokacin da ya cika shekara 20, domin da wannan shekarar ake lissafa ajinsa na soja. Wanda aka haifa a 1912 ɗan ajin 1932 ne. Azuzuwan da suka kai har 1921 galibinsu suna intanet kyauta, na bayansu har 1940 ana roƙarsu daga ma'ajiyar jihar. Sunansa a tsaye yake, ranar haihuwarsa a rubuce, da wuya a yi kuskuren mutum.

Hujjar wannan hanyar ita ce mafi ƙarko, hukuma ce ta bayar. Rauninta ɗaya: a kan zaman fursuna layi biyu ko uku kawai za ta ba ka.

Hanya ta 3: Caen

Abin da rajista ta taƙaita, Caen ke faɗaɗawa. A wannan birni na Normandie akwai reshen Service historique de la Défense, wato ma'ajiyar tarihin sojan Faransa, mai kula da takardun waɗanda yaƙe-yaƙe suka rutsa da su, ana taƙaita sunansa DAVCC. Nan katunan fursunonin Yaƙin Duniya na Biyu suke, da jerin sunayen da Jamusawa da kansu suka rubuta a sansanoni, da fayilolin waɗanda suka mutu a tsare. A kati akan sami wurin kamu, lambar fursuna (daban take da lambar soja, kada a haɗa su), sansanin farko, sauye-sauyen wuri, kwanciya asibiti da dalilin saki.

Dalilin sakin nan abin lura ne. Tarin fuka ya yi wa fursunonin Afirka mummunar ɓarna, kuma Jamusawa sun saki da yawa saboda shi. Amma saki bai zama komawa gida ba. Daga Nuwamban 1942 hanyar teku ta yanke, waɗanda aka tara a kudancin Faransa, wajajen Fréjus, suka maƙale har aka kori Jamus. Shi ya sa gida za a ce maka ya yi shekara huɗu a hannun Jamus, kati kuma ya nuna an sake shi tun 1942. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Ana rubuta wa Caen daga nesa, kuma idan da kuɗi to na kwafi ne. Jiran yakan yi tsawo. Haɗarin shi ne ka aika musu suna tsirara: ma'aikaci ba zai zauna ya tace maka Abdou ɗari ba. Da lambar soja da runduna a hannu, wato bayan Pau ta amsa, aikin minti kaɗan ne a wurinsu.

Hanya ta 4: Red Cross a Geneva

Ita ce kowa ya sani, ita ce kuma aka fi ɗora wa buri. Bisa yarjejeniyar Geneva ta 1929, ƙasar da ta kama soja tana sanar da sunansa, kuma daga Satumban 1939 hukumar da Red Cross ta buɗe ta riƙa tattara waɗannan sanarwar. Katunan yaƙin na biyu ba sa intanet. Ana cike fom a shafinsu, su bincika, su aiko da takardar shaidar zaman fursuna, kyauta.

Matsalar ƙofar ce. Ba kullum take a buɗe ba, sau kaɗan ake buɗe ta a shekara, kuma da adadin da suka yanka ya cika sai su rufe, wani lokaci cikin sa'o'i. Wanda ke fama da intanet mai rarrafe, gara ya shirya bayanansa a rubuce, ya ba ɗan'uwa da ke inda layi ke da ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Amsar kuma sai an yi watanni.

Hujjarta mai kyau ce, amma sau da yawa abin da ke Caen ne take maimaitawa, tunda tushensu ɗaya. Amfaninta na gaske shi ne ta zama shaida ta biyu, ko ta cike giɓi idan katin Caen ya ɓata.

Akwai masu tura mutane Arolsen Archives a Jamus. Ma'ajiya ce babba kuma kyauta, sai dai ta mutanen sansanonin gwale-gwale ce da waɗanda aka tilasta wa aiki. Tana da amfani ga Bafaranshen fursuna da aka mayar ma'aikacin farar hula a 1943. Ga sojan Frontstalag da wuya ta ba da wani abu.

Hanya ta 5: shafukan biyan kuɗi

Geneanet da Filae sun tattaro sunaye daga jerin fursunoni da rajistocin haihuwa da aure na Faransa, sun sauƙaƙa bincike. Ga mai neman Bafaranshe da danginsa na can, rajistar ɗan lokaci tana iya biyan kuɗinta. Ga mai neman ɗan Gure ko ɗan Ƙonni, asara ce. A lura kuma, irin wannan rajista takan sabunta kanta ta ciri kuɗi daga kati idan ba a tsayar ba.

Hanya ta 6: zuwa da kai, ko ɗaukar mai bincike

An ce zuwa da kai ya fi aike, kuma gaskiya ne a nan, ga mai hali. Shiga ɗakunan karatun kyauta ne, sai dai a nemi wuri tun kafin a zo. Abin da ke jan mutum ya wuce katin kakansa. A Vincennes, gefen Paris, akwai littattafan da rundunoni ke rubuta abin da ya faru kowace rana, inda za ka karanta yadda aka yi ranar da aka kama su. A ma'ajiyar ƙasa ta Pierrefitte, cikin rukunin F/9, akwai rahotannin masu duba sansanoni: abinci, barguna, sanyi, adadin marasa lafiya. Ba za ka ga sunansa a ciki ba, amma za ka ga inda ya kwana.

Tsadar ce abin dubawa. Kuɗin biza kaɗai Yuro 90 ne, kimanin sefa 59,000, ba a mayarwa ko an hana ka. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma a rufe yake tun Janairun 2024. Ga jirgi, ga masauki, ga nisan da ke tsakanin Caen a arewa da Pau a gindin duwatsun Pyrénées.

Mai bincike na haya yana rage wannan duka, kuma na ƙwarai suna nan. Sharaɗi uku: a rubuta abin da zai nema da kuɗinsa kafin ya fara, a biya shi kashi-kashi, kuma kowace takarda ya kawo ta zo da lambar ajiyarta, wadda kowa zai iya komawa ya duba. Wanda ya ce zai fito maka da "kuɗin kakanka" ko takardar zama ɗan ƙasa, rabu da shi. Gaskiya ne an daskarar da fanshon mazan jiya na Afirka da dokar 1959, kuma sai a 2011 aka gama daidaita shi da na Faransawa. Amma hakkin na sojan ne da matar da ya bari da marayunsa ƙanana, ba ya gangarowa kan jika, kuma sojan kaka ba ya ba jika ƙasa.

| Hanya | Kuɗi | Jira | Sauƙi daga nesa | Ƙarkon hujja | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Shafukan kyauta | Data kawai | Babu | Sosai | Rauni ita kaɗai | Kama mai suna irin nasa |
| Pau ko ma'ajiyar jiha | Kaɗan ko babu | Watanni | Matsakaici | Mafi ƙarfi | Rashin takardar dangantaka |
| Caen | Na kwafi | Watanni | Matsakaici | Ƙarfi | Aika suna ba lamba |
| Red Cross | Kyauta | Jiran buɗewa, sannan watanni | Sai da intanet mai kyau | Ƙarfi | Ƙofa ta rufe kafin ka shiga |
| Shafukan biya | Rajista da Yuro | Babu | Sosai | Matsakaici | Biyan abin da ba ya ciki |
| Zuwa ko haya | Mai yawa | Makonni | Wuya | Ya danganta da mai yi | Hana biza, damfara |

Wa ya dace da wace

Idan akwai littafin soja, katin mazan jiya ko tsohuwar takardar fansho a gida, lambar tana jiki. Ɗauki hoton kowane shafi, har da bango, ka rubuta wa Pau da Caen rana ɗaya. Red Cross ta biyo baya idan ƙofarta ta buɗe.

Idan kakan Bafaranshe ne kuma ka san garinsu da shekarar haihuwarsa, Gallica da ma'ajiyar jiharsu sun isa su ba ka ƙashin labarin ba tare da ka kashe ko dala ba. Caen ta ƙara maka lambar Stalag da wuraren da aka tura shi aiki.

Idan yaƙin farko ne, kada ka jira kowa: katunan Red Cross da Mémoire des hommes suna gabanka yau.

Idan bai dawo ba, fara da Mémoire des hommes, sannan Caen, kuma ka shirya zuciyarka. Wasu ba su kai sansani ba. A Airaines ranar 7 ga Yunin 1940 Jamusawa suka harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré ɗan Gabon bayan ya miƙa wuya, kuma a Chasselay kusa da Lyon, ranakun 19 da 20 ga watan, aka karkashe sojojin Afirka da aka riga aka kama. Wasu kuwa sun tsira daga Jamus, sun sauka Dakar, sojojin Faransa suka buɗe musu wuta a barikin Thiaroye ranar 1 ga Disamban 1944 saboda sun nemi kuɗin da suke bi. Mai zargin nasa yana cikin waɗannan, a nan ne ɗaukar ƙwararren mai bincike ya cancanci kuɗinsa, domin takardun a warwatse suke tsakanin Faransa da Dakar.

Idan kuwa suna kaɗai gare ka, kada ka aika wasiƙa ko ɗaya tukuna. Je wurin gwaggo ko baffan da ya fi kowa tsufa, ka kunna rikodar waya. Tambaye su sunan uban kakan da na uwarsa, laƙabin da abokansa ke kiransa da shi, wane sarki ne a kan gado lokacin da aka tafi da shi, a wane gari aka auna su, da su wa suka tafi tare. Sau da yawa jikokin abokin tafiyar suna da littafin nasu kakan, kuma waɗanda aka ɗauka rana ɗaya a gunduma ɗaya lambobinsu a jere suke. Daga nan ka leƙa ofishin mazan jiya mafi kusa, ka nemi a duba tsoffin rajistocin fansho. Abin da ka samu, rubuta sunan ta kowace fuska da kunnen Bafaranshe zai iya jinsa, ka jera su duka a wasiƙar da za ka tura Pau.